Hoto, In Ji Wayata

Ranar Talata da hantsi saƙo ya shigo wayata cewa sakamakon gwajina ya fito, in shiga shafin intanet na hukumar lafiya in duba. Ina ofis a lokacin, abin sauraro a kunne, ina buga shari'ar wasu 'yan'uwa biyu da suka shekara uku suna faɗa a kan katanga. Aikina ke nan a kotu shekara ashirin da biyu. A naɗi muryoyin zaman shari'a, a kawo mini, in saurara in mayar da su rubutu. Tun ina 'yar shekara shida idona ya tafi, amma alƙali bai taɓa dawo mini da takarda saboda kuskure ba. Na faɗi haka tun yanzu don kada wani ya ɗauka matsalar daga wajena take.

Gwajin na wani ƙullutu ne da na ji a nonona na hagu wata safiya ina wanka. Likita ta soka allura ta ɗebi abin da za ta ɗiba, ta ce in je in jira. Ban faɗa wa kowa ba. 'Ya ɗaya Allah Ya ba ni, ita ce ta fari ita ce Auta, tana kuma ɗauke da ciki wata takwas, jininta in ya hau ba ya son sauka. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu a hanya, shi ya sa ta dawo tsohon ɗakinta a gidana. Likitanta ya ja mini kunne kada a tayar mata da hankali ko da faɗuwar kwano ne. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba. In ji sakamakon nan da kunnena, ni kaɗai, kafin kowa, sannan in zauna in yanke abin da zan faɗa mata da ranar da zan faɗa.

Na murza makullin ofis, na zauna, na buɗe shafin. Akwai murya a wayata da ke karanta mini duk abin da yatsana ya taɓa. Sakatariya nake kiranta, don ba ta gajiya, ba ta kuma kai gulma. In faɗi gaskiya, shafin ya gyaru a shekarar nan. Da can in ka shiga kowane madanni sunansa "madanni", sai ka yi ta dannawa da fatan alheri. Yanzu kowanne da sunansa. "Shiga," in ji Sakatariya. "Lambar kati." "Sakamakon gwaji." Na yi bisimilla na danna.

"Hoto," in ji ta.

Na sake shafawa. "Hoto." Na sauka ƙasa, na hau sama, na kashe wayar na kunna. Hoto dai. Takardar sakamakon suka ɗauka hoto suka liƙa, ita kuwa Sakatariya rubutu take karantawa, abin da ke cikin hoto ba ta fi ni saninsa ba. Ina da wata manhaja mai ƙoƙarin tsinto rubutu daga cikin hoto, na miƙa mata. Ashe takardar a karkace take, tawadar kuma ta koɗe. Ta karanto mini sunan hukumar tsaf, da lambar akwatin gidan waya, da takensu na cewa lafiyarka ita ce burinmu. Da ta iso inda nake buƙata sai ta shiga sambatu, rabin kalma, lamba, rabin kalma. A wani wuri ta ce "daji". Ko "akwai" ne a gabansa ko "babu", ba ta faɗa ba. Da wannan kalma guda na zauna har aka tashi aiki.

Washegari na kira lambar neman taimako. Na sha kiɗa na minti goma sha ɗaya kafin wata mai zaƙin murya ta ɗauka.

"Yi haƙuri, Mama, ba ma faɗin sakamako ta waya."

"Saboda me?"

"Saboda kare sirrin majiyyaci."

"Ni ce majiyyaciyar."

"Eh, Mama, amma ba mu ga fuskarki ba. Ki samu wani a gida ya karanta miki."

"Wato don ku kare mini sirri, sai in kai wa maƙwabta su karanta?"

Ta ce sun gode da kirana, kuma ko zan tsaya in ba su maki daga ɗaya zuwa biyar.

Ranar Alhamis na je asibitin da ƙafata. Tagar ɗakin gwaji gilashi ce mai kauri, ma'aikacin da ke ciki ta lasifika yake magana saboda hayaniya. Ina cikin layi na ji ya sanar da sukarin wani tsoho, duk zauren ya ji, har wata ta ce Allah Ya sawwaƙe. Na fice daga layin. Na ce bari in nemi ganin likitar da ta yi mini gwajin, aka ce sai an shigar da lambar da ke jikin sakamakon kafin a ba ni rana. Lambar kuwa tana cikin hoton.

Wa zan ba ya karanta? Akwai Gwaggon Auta, ƙanwar marigayi mijina, mace mai son zumunci, amma in ta ji abu da safe, kafin azahar har mai gadin makaranta ya zo jaje. Akwai magatakardan kotunmu, mutumin kirki, sai dai matarsa da Gwaggo wurin mai kitso ɗaya suke zuwa. Ban da wannan ma, ni ba na so. Shekara ashirin da biyu sirrin mutane yana bi ta kunnena ya fita ta yatsuna, sakin aure da rabon gado da abin da baki ba ya iya maimaitawa, ban taɓa ɗaukar ko kalma ɗaya na kai gida ba. Yau da nawa ya zo, an ce sai na miƙa wa wani ya leƙa kafin ni. Na rubuta musu ƙorafi ta shafin, aka turo mini amsa nan take cewa ƙorafina yana da muhimmanci. Na jira mako guda.

A makon nan Auta ta fara shinshino wani abu. Ranar Laraba da yamma ina yanka albasa a kicin, tana zaune kan kujerar roba ta ɗora kumburarrun ƙafafunta kan bokiti, ta ce, "Umma, gishiri sau biyu kika zuba."

"Ke kike gani, ni nake ɗanɗanawa."

"Jiya ma kin bar famfo a buɗe. Me ke damunki?"

"Ke ce ke damuna. An ce ki kwanta, kin zo kin sa ni gaba kamar sufeto."

"Kullum kina shafa wayar nan tana ce miki hoto, hoto. Hoton wa ne? Ko wani dattijo ne ya turo? Kawo in gani ko ya dace da ke."

Ta miƙo hannu tana dariya, na ji yatsunta sun taɓa aljihun rigata. Na buge hannun da ƙarfin da ban yi niyya ba. Rabon da in buge ta tun tana firamare.

"Takardun kotu ne," na ce. "Ba a nuna su."

"To, Umma," in ji ta, da muryar da ke nufin ba ta yarda ba. Ta ja silifas ta koma ɗaki. Na tsaya ina jin kunya da haushi, kuma na san haushin ba nata ba ne. A nan na yanke cewa gobe hukumar za ta ji ni.

Hedikwatarsu bene ne mai hawa huɗu. A ƙofa akwai gangare na masu keken guragu, sandata ta gaya mini an jera tukwanen furanni a kai daga sama har ƙasa. Lif ba ya aiki. Mai gadi ya kama hannuna ba tare da na roƙa ba, yana yi mini magana da ƙarfi kamar kunnen ne ya mutu, ya kai ni hawa na uku, ɗakin masu kula da shafin. Ɗakin yana da sanyi, yana warin ƙurar kwamfuta da shayin da ya huce. Wata mata ta ja mini kujera, ta ɗora hannuna kan bayanta, ta bar ni na zauna da kaina. Daga nan na san ta taɓa hulɗa da irinmu. Injiniya suke kiranta, daga muryarta za ta kai arba'in da wani abu.

Na ba ta labari, ban faɗi ko gwajin mene ne ba, ita ma ba ta tambaya ba. Da na gama ta ja dogon numfashi.

"Yaya, kin zo inda ke mini ciwo. Kin san yadda sakamakon nan yake tafiya?"

"Ni ma bugun takarda ne aikina. Na san wani ne ya zauna ya buga shi a kwamfuta, harafi bayan harafi."

"Haka ne. Daga ɗakin gwaji rubutu ne yake isowa nan, lafiyayye, wayarki za ta karanta shi ko tari ba za ta yi ba. Sai a tura shi hawa na biyu. A can a fitar da shi a takarda, a buga masa hatimi, a sa hannu da shuɗin biro, a ɗora shi kan na'ura a ɗauki hotonsa, a dawo mana da hoton. Shi muke liƙawa."

"Rubutun fa?"

"Yana nan a ajiye, ba mai ganinsa."

Na ce ta maimaita, don na ɗauka ban ji daidai ba. Ma'aikata huɗu, da firinta, da tawada, da wutar lantarki, kullum daga ƙarfe takwas zuwa huɗu, suna aiki tuƙuru don su mayar da abin da zan iya karantawa ya koma abin da ba zan iya ba.

"Wata bakwai ke nan da na gama gyaran," in ji Injiniya. "Rubutun zai fito a ƙarƙashin hoton, mai ido ya ga hatiminsa, mai kunne ya ji nasa. Madanni ɗaya zan danna. Amma sai shugaban sashen tantancewa ya sa hannu, takardar neman izinin tana kan teburinsa tun lokacin. Sau biyar ina tuna masa."

"Tashi ki kai ni."

"Yaya, mutumin yana da wuyar sha'ani."

"Alƙalai bakwai na yi aiki da su. Tashi."

Tun daga matakala na fara jin sautin. Dum, dum, shiru, sai ƙarar takarda, sai dum, dum. Ɗaya a kan tawada, ɗaya a kan takarda. Mai Hatimi suke ce masa a ginin, kuma na lura shi ma sunan yana yi masa daɗi. Ɗakin yana warin tawada da takarda mai ɗumi. Firinta tana tari a kusurwar dama, na'urar ɗaukar hoto tana ja tana komawa a hagu, fanka tana kaɗa takardun da aka danne da wani abu mai nauyi. Na ƙirga numfashi huɗu ban da namu, da wata mai tauna cingam.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah, sannu, sannu. A ba ta kujera. Kai, a kawo mata ruwa." Muryar dattijo ce, mai taushi, irin ta wanda ya saba a saurare shi.

Injiniya ta yi bayani a taƙaice. Ya saurara, hatimin bai tsaya ba. Da ta gama ya ajiye shi a hankali.

"Baiwar Allah, shekara talatin da ɗaya ina wannan kujera. Kin san abin da ya kawo hatimi? Wata shekara mutane suka riƙa buga sakamakon ƙarya suna neman aiki da shi, har wani mai tarin fuka ya shiga aikin dafa wa yara abinci. Tun daga ranar na rantse takarda ba za ta fita ginin nan ba sai da hatimina. Rubutu tsirara kowa zai iya canza shi. Hatimi kuwa hatimi ne."

"Yallaɓai, ba wanda ya ce ka jefar da hatiminka. Ka buga shi sau goma in kana so. Rubutun kawai za a ajiye a ƙarƙashi."

"In aka ajiye, wanne ne sakamakon? Na sama ko na ƙasa? Abu biyu ke nan, abu biyu kuwa rikici ne."

"Abu ɗaya ne, Yallaɓai," in ji Injiniya. "Na bayyana a takardar."

"Na ga takardar, 'yata. Ana dubawa."

"Wata bakwai ana dubawa?" na ce. "Ni da ba ni da ido ma da na gama dubawa."

Mai cingam ta ƙyalƙyale da dariya ta haɗiye. Dattijon bai ji haushi ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya yi 'yar dariyar da ake yi wa yaro mai rigima.

"Ai mun yi wa naƙasassu tanadi. Akwai madanni a saman shafin, in kin danna rubutu ya ƙara girma."

"Ko ya kai girman ginin nan, me zai yi mini?"

"To ba ki da 'ya'ya ne? Ba ki da dangi? Mu dai a saninmu ɗan'uwa shi ke taimakon ɗan'uwa."

"Yallaɓai, kai in likita ya ba ka sakamakonka, taron dangi kake kira su karanta maka?"

Ya yi gyaran murya. "Ba ni lambar katinki in ga inda matsalar take."

A nan na yi wauta, kuma har yau ina jin haushin kaina. Na ɗauka zai duba ne ya ba da izini a kan tawa takardar ko da ita kaɗai ce. Na karanto masa lambar. Ya maimaita wa wani, aka ja durowar ƙarfe, aka yi ta shafa fayil, takarda ta wuce ta gaban fuskata har na ji iskarta. Na ji ya buɗe gidan tabarau.

"Yauwa, ga ta. Ai abin minti ɗaya ne, kin sha wahalar hawa bene a banza. Gwajin ƙullutu a nonon hagu..."

"Kada ka karanta!"

"Haba, ai ni kamar uba nake. Sakamako..."

"Na ce kada ka karanta!" Na miƙe, sandata ta faɗi, na toshe kunnuwana da hannu biyu kamar ƙaramar yarinya. Amma kunnen da ya shekara ashirin da biyu yana tsinto maganar shaidu daga cikin hayaniyar kotu, tafin hannu ba ya toshe shi.

"Ba a ga ƙwayoyin cutar daji ba. Alhamdu lillahi! Kin ji? Ba komai! Lafiyarki ƙalau!"

Ɗakin ya ɗauka. Alhamdu lillahi, barka, barka, Mama. Wani ya tafa. Mai cingam ta zo ta rungume ni, tana warin turare mai ƙarfi, tana cewa yayarta ma haka aka yi mata a na dama. Mutum huɗu da ban san sunansu ba, da dattijon da ban taɓa gamuwa da shi ba sai yau, duk sun san nonona na hagu, sun kuma riga ni yin murna. Hawaye suka zubo, ba zan yi ƙarya in ce ban ji sanyi a raina ba. Amma a ƙarƙashin sanyin wani abu yana tafasa, su kuwa duk sun ɗauka kukan daɗi nake yi.

"To, shi ke nan," in ji Mai Hatimi, na ji ya jawo hatiminsa. "Matsala ta warware. A raka ta ƙasa, a kula da matakala."

Na laluba na sami kujerar, na zauna, na gyara mayafina, na ɗora jaka a cinya.

"Ban ji komai ba," na ce.

"Na'am?"

"Ban ji komai ba. Wani mutum ya yi magana a wani ɗaki. A kotu ba ma rubuta irin wannan. Sakamakona yana cikin wayata, wayata kuma hoto take cewa. Ina nan zaune har ta faɗi wani abu daban."

"Baiwar Allah, labari mai daɗi na ba ki."

"Da ɗayan ne fa? Da cewa ta yi akwai, haka za ka rangaɗa shi a gaban mutum huɗu da firinta? Ka san abin da ke ciki kafin ka buɗe baki? Ba ka sani ba. Sau biyu na ce kada ka karanta. Ka ji ni ko ba ka ji ni ba?"

Ban jira amsarsa ba. Fanka ta ci gaba da kaɗa takardu.

"Shekara talatin da ɗaya kana tsare takarda kada a yi mata ƙarya, madalla. Mai takardar fa, wa ke tsare ta? Mu nawa ne a garin nan da sai mun kai cikinmu wani ya buɗe kafin mu san abin da ke ciki? Akwai matar da mijinta ne zai karanta mata abin da shi ya sa mata. Akwai wanda sai ɗan haya zai ba ya karanta masa. Kai ko a jikinka, tunda hatimin ya zauna daidai."

Muryata ta hau har na ji an buɗe ƙofar ofishin da ke kusa. Ban damu ba. Na ce musu na ɗauki hutun kwana uku a wurin aiki, na kuma zo da ruwana a jaka.

Sannan dattijon ya yi magana, muryar ta sauka, taushin nan na mai ba da umarni ya fita daga cikinta.

"Wallahi taimako na yi niyya."

"Na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo."

Na ji yana ɗaga fayil yana ajiyewa, ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana tono. "'Yata, wannan ce takardar taki?"

"Ita ce, Yallaɓai," in ji Injiniya.

Biro ya yi ƙara a kan takarda. Sannan dum, dum. Ko wannan ma sai da ya buga mata hatimi.

Injiniya ba ta tsaya godiya ba, na ji takalminta yana haura bene da gudu. Ni kuwa na zauna inda nake, firinta kamar ta rage tari. Bayan kamar minti ashirin ta dawo tana haki, ta sunkuya daidai kunnena ta ce rubutun ya hau shafin, kuma ba nawa kaɗai ba, na kowa da kowa. Ta ɗauko sandata ta sa mini a hannu, ta ba ni lambar wayarta. Na ce kada kowa ya raka ni.

Tsakanin hawa na biyu da na ɗaya akwai ɗan fili inda matakala ke juyawa, da taga da ke shigo da ƙarar titi. Na saurara, ba kowa. Na zauna a kan matakala, na sa abin sauraro a kunne, na rage wa Sakatariya sauri, don a gaggauce na saba jin ta. Lambar kati. Sakamakon gwaji. Hoto. Na shafa ƙasa kaɗan, sai ta fara. Sunana, shekaruna, ranar da aka ɗauki samfur. Ba a ga ƙwayoyin cutar daji ba a abin da aka duba. Na lumshe ido, na ce to, yanzu na ji.

Amma ba ta tsaya ba. Akwai sauran layi biyu.

"Bayanin likita. Samfurin bai wadatar a yanke hukunci ba. Majiyyaciya ta dawo cikin kwana goma a sake ɗauka."

Na mayar baya na sake ji, sau uku. Dattijon bai karanta wannan ba, kuma na san irinsa ba sa tsallake layi da gangan. Na kira Injiniya a lambar da ta ba ni, na ce ta duba mini abu ɗaya kawai a hoton takardata, ba rubutun ba, a ina hatimin ya zauna. Ta duba, ta ce a can ƙasa, inda ya saba bugawa, ya rufe layi biyu na ƙarshe ruf, ko mai ido ba zai karanta ba. Ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata ta je ta duba sauran takardun mutane, ta fara yau.

Na ƙirga da yatsu daga Talatar da saƙon ya shigo. Yau kwana tara. Tsoro ya dawo ya zauna inda yake tun farko. A bene ana can ana ba da labarin makauniyar da aka yi wa albishir ta hau faɗa, a gida Auta tana jira in dawo da albasa. Wannan layi biyun kuwa ba wanda ya ji shi sai ni, kuma ba wanda zai ji sai ranar da na ga dama.

Na koma shafin, na kwafi lambar da ke jikin sakamakon, na shigar da ita wurin neman ganin likita. Sakatariya ta ce akwai gurbi gobe da ƙarfe tara da rabi. Na danna, na share fuskata da bakin mayafi, na miƙe na laluba matakala ta gaba.